Waƙa ɗaya, takarda miliyan biyu: yadda Charles K. Harris ya sayar da After the Ball

A shekarar 1892, a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a Amurka, wani saurayi, Charles K. Harris, mai kaɗa banjo (wani abin kiɗa mai tsirkiya irin molo), ya fitar da waƙa mai suna After the Ball. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba, balle ya rubuta. Amma cikin 'yan shekaru aka sayi kwafin waƙar sama da miliyan 2, kuma jimillar da aka fi ambata daga baya ta kai miliyan 5. A lokacin babu rediyo, garmaho kuwa bai shiga gidaje ba tukuna. Hajar da aka yi ta rububi a kanta takarda ce mai 'yan shafuka, da hoto a bango, a ciki kuma layuka biyar-biyar ɗauke da ɗigo-ɗigon da ke nuna karin waƙa da abin da yatsu za su taɓa a fiyano, ga kalmomin a ƙarƙashinsu.

Wanda ya taɓa sayen ƙasidar ajami a ƙofar masallaci ya je gida ya rera da kansa ya san irin wannan ciniki. Bambancin shi ne, mai sayen ƙasida da kunne yake ɗaukar karin, takardar Turawa kuwa har karin take ɗauke da shi, irin wadda 'yan badujala ke kafawa a gabansu. Mai sayenta shi ne zai zama makaɗi kuma mawaƙi a falonsa.

Kasuwar da ya tarar

Takardar waƙa ba ta da amfani a gidan da babu abin kiɗa. Abin da ya buɗe wannan kasuwa shi ne fiyano ya yi araha bayan yaƙin basasar Amurka, kamfanoni suka riƙa sayar da shi biya-kaɗan-kaɗan, har ya zama alamar rufin asiri a gidan ma'aikaci. A 1909 kaɗai an ƙera fiyano sama da dubu 350 a ƙasar. Galibin masu kaɗa shi 'yan mata ne da matan aure da aka koya wa tun suna yara, kuma su ne masu zuwa kanti su zaɓi waƙa. Duk wanda ke son cin wannan kasuwa dole ya rubuta abin da yatsun mai matsakaicin iyawa za su ɗauka, muryar da ba a horar ba za ta kai, kuma labarin da za a iya rerawa a gaban iyaye.

Kafin shekarun 1880 manyan kamfanonin buga kiɗa, irin su Oliver Ditson na Boston, sun fi dogara da littattafan koyon fiyano, waƙoƙin coci da kiɗan Turai. Na Turai ɗin ma kyauta suke kwasa, domin har zuwa 1891 dokar Amurka ba ta kare haƙƙin baƙon marubuci. Waƙar yayi ƙaramin sashe ce a wurinsu, kuma ba sa bin mai saye, sai dai su buga su ajiye a kanta su jira.

Marubucin waƙa kuwa hanya biyu ke gabansa. Ko ya sayar da ita gaba ɗaya a biya shi 'yan daloli a rabu, ko ya karɓi la'ada ta 'yan santi a kan kowane kwafi, bisa lissafin da kamfanin ne kaɗai ke riƙe da littafinsa. Stephen Foster, wanda Amurka duka ke rera waƙoƙinsa tun daga 1848, ya rasu a New York a 1864 da santi 38 a jakarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mawaƙan da suka taɓa sayar da aikinsu sukutum ga 'yan kasuwar kaset a Ƙofar Wambai ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Harris ya ɗanɗani tasa. Ya ba kamfanin Witmark na New York wata waƙarsa, da lokacin biyan la'ada ya yi aka aiko masa da santi 85. Daga nan ya yanke cewa shi zai riƙa buga nasa da kansa. Ya kama ɗan ofis a Milwaukee, ya kafa allo cewa ana rubuta waƙa bisa oda, kamar tela. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan shawara ya hau, domin da After the Ball ta faɗa hannun wani kamfani a kan dala goma ko ashirin, da sai dai a riƙa tuna sunansa a ƙasan take.

Yadda aka haɗa hajar

Labarin waƙar gajere ne. Yarinya ta hau cinyar wani dattijo ɗan uwanta ta tambaye shi dalilin da bai yi aure ba. Ya ce a wata liyafar rawa ya je ɗebo wa masoyiyarsa ruwa, ya dawo ya tarar wani yana sumbatar ta, ya ƙi sauraron bayaninta. Shekaru suka wuce, ta rasu, sannan wasiƙa ta zo daga mutumin cewa shi ɗan uwanta ne na jini. Baiti uku ne dogaye, kowanne gaɓa 64 ta kiɗa, sai amshi mai gaɓa 32 da ke dawowa bayan kowane baiti. Salon kiɗan wals ne, mai bugu uku-uku.

A ido na adabi labarin yana da rauni, don da wuya a ce mutum na neman yarinya da aure bai san yayanta ba. A ido na ciniki kuwa an auna komai. Sirrin labarin sai a baiti na uku yake fita, saboda haka wanda ya ji amshi kawai a titi, ko ya ji waƙar sau ɗaya a gidan wasa ya kasa riƙe dogayen baitocin, yana da dalilin zuwa ya sayi takarda. Amshin shi ne ƙugiya: ana ɗaukarsa a ji biyu, ana fito da shi a hanya, shi ke yi wa takardar talla kyauta. Wals kuma shi ne mafi sauƙi ga hannun hagu, sauti ɗaya mai kauri a bugun farko, sai a danna uku tare sau biyu. Mai shekara biyu da fara koyo za ta iya.

Tunda Harris bai iya rubutun ba, sai ya ɗauki wani makaɗi na garin mai suna Joseph Clauder. Harris ya rera, Clauder ya rubuta karin, ya tsara abin da hannu biyu za su kaɗa, ya kuma raba kiɗan ga kayan ƙungiyar makaɗa ta gidan wasa. Aikin mai tsarawa ladan aiki ake biya sau ɗaya, sunansa ma sau da yawa ba ya fita, alhali a hannunsa waƙa ke gyaruwa ko ta lalace. Idan ya ɗaga ta sama da abin da muryar gida za ta kai, mai saye za ta gwada sau ɗaya ta ajiye. Idan ya zaɓi mataki mai yawan baƙaƙen maɓallai, mai koyo za ta ga shafin ya cika da alamomi ta mayar wa mai kanti. Idan ya sa tazarar da ƙaramin hannu ba zai buɗe ya kama ba, haka. Ƙa'idar da masu sana'ar suka bi ita ce karin ya tsaya a cikin tsani ɗaya na sauti takwas ko ya ɗan haura kaɗan.

Daga nan sai wurin mai zana faranti. Farantin gamin kuza da dalma ne, mai laushi, kaurinsa kamar milimita ɗaya. Mai zane yakan fara auna shafin ya raba gaɓoɓin, yana lura kada wurin juya shafi ya faɗo inda hannu biyu ke aiki. Sai ya ja layukan da wani ƙarfe mai haƙora biyar. Kawunan alamomin da haruffan kalmomi da hatimin ƙarfe ake buga su da guduma, ɗaya bayan ɗaya, sandunansu da lanƙwasassun layuka kuma a yanka da hannu. Duk wannan a juye ake yinsa, daga dama zuwa hagu, don ya fito daidai a takarda. Shafi guda kan iya cin wa gwani yini. In an buga gwaji aka ga kuskure, sai a gano daidai wurin ta bayan farantin, a bubbuga har ramin ya taso ya shafe, a goge, a sake bugawa. Kuskuren da ya tsallake wannan mataki zai bi kowane kwafi, kuma ɗigo ɗaya da ya sauka layi ɗaya ƙasa ya isa ya sa mutanen gari guda su koyi waƙa a karkace.

Shi farantin ba ya jure bugu mai yawa, laushinsa ke sa ya cinye. Don haka ba da shi ake buga dubbai ba. Ana shafa masa tawada mai maiƙo, a ɗauki hotonsa a wata takarda ta musamman, a manna a kan shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa. In aka jiƙa dutsen, ruwa ya kama inda babu maiƙo, tawada kuma ta kama inda maiƙon yake kawai. Wannan dabara Alois Senefelder ya ƙirƙiro ta a Jamus a 1796. Amfaninta ga mai waƙar da ta karɓu shi ne daga faranti ɗaya ana iya ɗora duwatsu da yawa, a ba maɗaba'u daban-daban su yi ta bugu lokaci guda, farantin asali yana ajiye a ofis. Girman takardar a wancan zamani wajen inci 11 ne da 14, sai lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka rage shi saboda ƙarancin takarda. Bayan bangon ma ba a barinsa fili, ana buga layukan farko na wasu waƙoƙin kamfanin don mai saye ta gwada.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne mafi arha kuma mafi haɗari in aka yi sake, rajista ce. Sai an aika taken waƙar a buge da kwafi biyu zuwa ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a Washington, a biya kuɗin rajista da bai wuce dala ɗaya ba, sannan a buga sanarwar haƙƙin mallaka da shekara da sunan mai ita a jikin kowane kwafi. Wanda ya saki waƙa kasuwa ba tare da wannan sanarwa ba ya yi wa jama'a kyauta, kowa na iya bugawa. Wa'adin kariyar a lokacin shekara 28 ne, da damar ƙarin 14. Sunan da ke kan sanarwar After the Ball na Harris ne.

Shigar da waƙa kunne

Takarda ba ta rera kanta. Mai shiga kanti ba za ta ba da kuɗin da ya kusa rabin dala a kan waƙar da ba ta taɓa ji ba, a zamanin da leburori da yawa ba sa samun dala biyu a yini. Babbar hanyar kai waƙa garuruwa ita ce bakin mawaƙan da ke yawo da jirgin ƙasa daga gidan wasa zuwa gidan wasa.

Gwajin farko ya watse. Mawaƙin da aka fara ba waƙar a wani wasa a Milwaukee ya manta kalmomin ana tsakiyar rerawa, kuma waƙar da duk armashinta ke baiti na uku ba ta da sauran amfani in aka tsaya a hanya. Tsawon da ke tura mutane sayen takarda shi ne kuma ya kayar da mawaƙin. Wannan ya sa masu sana'ar suka riƙa dagewa sai mawaƙi ya yi bita da makaɗan gidan kafin ya hau dandamali.

Sai ga ayarin wasan A Trip to Chinatown na Charles Hoyt ya sauka a garin. Wasan ya riga ya yi suna a New York, inda daga ƙarshe sai da aka yi shi sau 657 a jere, abin da ba a taɓa gani ba a irinsa. Harris ya sami ɗaya daga mawaƙan ayarin, J. Aldrich Libbey, ya yi masa tayi mai ƙafa uku: dala 500, kaso daga cinikin waƙar, da hotonsa a bangon takardar. Waƙar ba ta da wata alaƙa da labarin wasan, cusa ta kawai aka yi a tsakiya, wanda a lokacin ba baƙon abu ba ne. A faɗar Harris, da Libbey ya gama sai ɗakin ya yi tsit, har ya ɗauka ta sake faɗuwa, sannan tafi ya ɓarke aka yi ta neman a maimaita amshin.

Kowace ƙafa ta tayin tana da aikinta. Dala 500 ta sayi daren farko. Kason ciniki shi ya sa Libbey ya ci gaba da rera ta a kowane gari ba tare da an bi shi ana roƙo ba, tunda duk kwafin da aka saya yana da rabo. Hoton kuma ya yi aiki ta fuska biyu: mawaƙin ya sami tallan kansa a kan fiyanon dubban gidaje, mai saye kuma da ba ta riƙe sunan waƙa ba tana iya gane fuskar wanda ta gani jiya da dare. Daga baya kamfanoni suka mayar da wannan al'ada, suna barin gurbi a bango suna sauya hoton gwargwadon mawaƙin da ke rera waƙar a kowane yanki.

Sa'a ta biyu a Chicago ta faɗo. Daga Mayu zuwa Oktoban 1893 aka yi babban baje kolin duniya a can, wanda aka ƙirga shiga wajen miliyan 27. Ƙungiyar badujala ta John Philip Sousa ta ɗauki waƙar tana kaɗawa a filin. Mutane daga kowace jiha suka ji, suka koma garuruwansu suna tambayar masu kanti. Milwaukee kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Chicago a jirgin ƙasa. Abin lura a nan, Sousa bai biya Harris ko santi ba, Harris ma bai nema ba. Doka a lokacin ba ta ba mai waƙa haƙƙi a kan kaɗa ta a bainar jama'a ba, kuma ko da ta bayar, wa zai caji mai yi masa talla? Haka da mawaƙi George J. Gaskin ya naɗe ta a na'urar ɗaukar murya a 1893, babu abin da ya shiga aljihun Harris daga wannan. Kuɗi ta ƙofa ɗaya suke shigowa, ƙofar takarda.

Ranar da oda ta fi ƙarfin mai kaya

Nan ne ƙananan masu bugawa suka fi karyewa. Waƙar yayi 'yan watanni take da su. In mai kanti ya nema sau biyu bai samu ba, ko dai mai saye ta koma kan wata waƙar, ko mai jabu ya cike gurbin. In kuma aka yi zari aka buga fiye da kima, yayi ya wuce, takarda ta zama kwantai da ba ta da daraja sai ta awo. Ga shi mai maɗaba'a da mai takarda kuɗi hannu suke so, 'yan sari kuwa sai bayan wata ɗaya ko fiye suke biya. Mutum na iya riƙe da waƙar da ƙasa duka ke nema amma ya rasa kuɗin buga ta.

Kamfanin Witmark, wanda ya taɓa aika masa santi 85, ya taya waƙar dala 10,000 a sayar masa gaba ɗaya. Kuɗi ne da ma'aikaci zai yi shekaru da yawa bai tara ba, kuma ga wanda ke fama da jari tayin yana da daɗin ji. Harris ya ƙi. Sai Oliver Ditson ya aiko da odar kwafi 75,000 a tashi ɗaya. Oda irin wannan daga kamfani mai suna kamar takardar lamuni ce, da ita mai maɗaba'a zai yarda ya yi aiki bashi. Harris ya raba aikin ga maɗaba'u, injuna suka yi ta juyawa. A ganiyar cinikin, kuɗin da aka ce yana shigo masa ya kai dala 25,000 a mako. Wannan adadi daga bakin mai kaya ya fito, kuma Harris mutum ne da ya iya tallan kansa kamar yadda ya iya tallan waƙa, amma ko an rage rabi lissafin bai canja ba.

Dalilin yawan ribar a tsarin kuɗin yake. Mai tsarawa, mai zanen faranti, mai hoton bango da rajista duk sau ɗaya ake biyansu, ko kwafi ɗari za a buga ko miliyan. Bayan nan kowane ƙarin kwafi takarda da tawada da dako kawai yake ci, 'yan santi ƙalilan. Mai kanti da ɗan sari sukan ɗauki wajen rabin farashin da ke bango ko fiye. Abin da ya rage, wanda a al'ada kamfani ke riƙe kaso mafi tsoka ya gutsura wa marubuci, a nan duk aljihu ɗaya ya shiga, in ban da rabon Libbey. Kuma wannan ya faru ne a 1893, shekarar da bankuna suka yi ta rushewa a Amurka, masana'antu suka sallami ma'aikata.

Abin da dabarar ta haifa

Kowa ya ga abin da ya faru, kowa kuma ya kwaikwaya. Matasan kamfanoni suka taru a New York, da farko kusa da gidajen wasa na Union Square, daga baya a titi na 28 tsakanin Fifth Avenue da Sixth Avenue, wurin da aka laƙaba wa Tin Pan Alley saboda ƙarar fiyano barkatai da ke fita ta tagogi kamar ana kaɗa gwangwani. Harris ma ya koma New York a 1903. Tallan waƙa ya zama sana'a mai ma'aikata. Ana buga kwafi na musamman a takarda mai arha ba bango a raba wa mawaƙa kyauta. Ana ba shugabannin makaɗa tsarin kiɗa kyauta. Ana dasa yaro mai murya a benen gidan wasa, in mawaƙiya ta kai amshi ya miƙe ya karɓa kamar abin ya taɓa shi ne, a kuma raba wa 'yan kallo 'yar takardar amshi su bi. Daga 1894 aka fara haska hotuna a bango suna bin labarin waƙa. A manyan kantuna akwai mai fiyano da ke zaune yini guda yana kaɗa duk takardar da aka miƙo masa. Shahararren marubucin kiɗa George Gershwin da irin wannan aiki ya fara a kamfanin buga waƙa na Remick a 1914, yana ɗan shekara 15, a kan dala 15 a mako.

Amma abin da ya yi wa mutum ɗaya aiki don shi kaɗai ke yi, da kowa ya shiga sai ya zama haraji. Mawaƙa suka gane darajar bakinsu, suka riƙa karɓar na goro daga kamfani fiye da ɗaya, manyansu ma suka ce sai an sa sunansu cikin marubutan waƙar don su ci la'ada har abada. Mawaƙi Al Jolson ya yi suna a wannan. A 1917 kamfanonin suka kafa ƙungiya, Music Publishers' Protective Association, suka yi alkawarin daina biyan mawaƙa tare da tara ga wanda ya karya. Biyan bai tsaya ba, ya dai koma ta bayan gida, daga baya kuma ya bi waƙa zuwa gidajen rediyo.

Farashi ma ya karye. Manyan kantuna suka riƙa sayar da takardar waƙa da araha don jawo mutane su sayi wasu kaya, kantunan Woolworth kuma suka tsayar da ita a santi 10. A 1908, a shari'ar kamfanin littattafai na Bobbs-Merrill da masu kantin Macy's, Kotun Ƙolin Amurka ta ce haƙƙin mallaka bai ba mai bugawa ikon ƙayyade farashin da mai kanti zai sayar ba bayan ya saya. A santi 10 ribar kwafi ta zama siririya, sai waƙa ta sayar da dubbai masu yawa kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma waƙar da ta ci ita ke ɗaukar asarar tarin waɗanda suka kwanta. A Ingila kuwa masu jabu ne suka addabi kasuwar, suna ɗaukar hoton shafi su buga su sayar a titi kan kwabo biyu, har sai da majalisa ta yi doka a 1902, ta ƙara mai haƙora a 1906.

Sai injuna suka fara cin kasuwar ta wani gefen. Fiyano mai kaɗa kansa da naɗin takarda mai huji ya yaɗu, garmaho ma haka. A 1908, a shari'ar kamfanin buga waƙa na White-Smith da kamfanin Apollo mai ƙera fiyano mai kaɗa kansa, Kotun Ƙoli ta ce naɗin mai huji ba kwafin waƙa ba ne tunda ido ba ya karanta shi, don haka babu biya. Majalisa ta gyara a dokar 1909: santi 2 ga mai waƙa a kan kowane naɗi ko faifai, kuma da zarar ya ba kamfani ɗaya izini, kowa na iya naɗa in zai biya wannan kuɗi. Dokar ta kuma mayar da ƙarin wa'adin kariya daga shekara 14 zuwa 28. Haƙƙin kaɗa waƙa a bainar jama'a ya shiga doka tun 1897, amma ba mai karɓa, har sai da marubuta da kamfanoni suka kafa ASCAP, ƙungiyar da ke karɓar musu wannan kuɗi, a 1914. A 1917 marubucin kiɗa Victor Herbert ya yi nasara a kan gidan abinci na Shanley a Kotun Ƙoli, inda alƙali Holmes ya ce kiɗan yana cikin abin da mai cin abinci ke biya ko da ba a karɓi kuɗin ƙofa ba. Shekara 25 bayan Harris ya biya Libbey don ya rera, kuɗin ya fara juyowa: mai kaɗa waƙa a wurin kasuwanci shi zai biya mai ita.

Harris bai sake samun kamar After the Ball ba, ko da yake bai rasa kasuwa ba. Wata waƙarsa da ya fara rubutawa a kan ɗan kwana-kwana ya sauya mata riga ta koma ta soja, Break the News to Mother, ta yi ciniki sosai lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya a 1898. A 1901 ya fitar da Hello Central, Give Me Heaven, ta yarinyar da ke neman mahaifiyarta da ta rasu a wayar tarho. A 1906 ya buga ɗan littafi na koyar da rubuta waƙar yayi. Sai dai kunnen jama'a ya koma kan kiɗa mai tsalle da gajeren baiti, inda amshi ya zama shi ne waƙar gaba ɗaya, shi kuwa ya tsaya a kan dogon labari mai sa hawaye. A 1927 marubucin kiɗa Jerome Kern ya saka After the Ball cikin wasan Show Boat don ta tuna wa 'yan kallo zamanin da ya shuɗe. A 1929 kamfanin fim na Warner Brothers ya saye kamfanonin buga waƙa na Witmark da Remick da Harms, yana neman waƙoƙin da zai zuba a finafinai masu magana. Harris ya rasu a New York a watan Disamban 1930.